Tsabtace Ƙasa da Ruwan Rijiya daga Gubar Masana'antu ta Hanyar Bakteriya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Legas

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga mutanenmu masu harka da mai da ƙarfe a Legas: direbobin tanka a Apapa da Ijegun, masu gareji da gidajen mai, 'yan gwangwan, da masu rijiya da 'yan ga-ruwa a Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda suka shafi mai ba da kwangila da mai duba aiki.

Da gaske ne bakteriya na cinye fetur da dizal da sauran sinadarai?

Da gaske ne. Fetur, dizal, kananzir da baƙin mai duk haɗin kabon ne da haidurojin, kuma kusan kowace ƙasa, ta lambu ko ta bakin kwata, tana ɗauke da bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke samun abinci daga irin wannan haɗi. Dangin Pseudomonas, Rhodococcus, Acinetobacter da Mycobacterium ne aka fi cin karo da su. Suna kakkarya man da taimakon iskar oksijin, abin da ke saura kuwa ruwa ne da iskar kabon dayoksaid da sababbin ƙwayoyin bakteriyar. Wato man ya rushe ke nan, saɓanin a haƙe ƙasa a kai bola, inda gubar ke sauya mazauni kawai.

Dabarar ta kwana biyu. A 1972 aka yi amfani da ita a Ambler, jihar Pennsylvania ta Amurka, inda fetur ya tsiyaye daga bututu ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1989, bayan hatsarin jirgin ruwan Exxon Valdez a Alaska, takin zamani aka riƙa zubawa a gaɓar teku don bakteriyar wurin su hanzarta cin ɗanyen man.

In suna nan tun asali, me ya hana wuraren da mai ya zuba shekara da shekaru su gyaru da kansu?

Iska ce ke ƙare musu. Kafin bakteriya su rushe kilo 1 na mai sai sun sami kilo 3 zuwa 3.5 na oksijin. Ruwa kuwa a zafin Legas, ko ya sha iska iya shansa, bai riƙe fiye da miligiram 8 a lita. In aka buga lissafi, lita 1 ta fetur na buƙatar oksijin ɗin da ke cikin ruwa kusan lita 300,000, cikin tanka 9 ke nan masu ɗaukar lita 33,000. Saboda haka ba a jimawa da zubar mai oksijin ɗin ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ƙarewa ƙarƙaf. Daga nan wasu bakteriyar ke karɓar aiki: masu numfashi da naitiret, sai masu amfani da tsatsar ƙarfen da ke jikin yashi, sai masu salfet, daga ƙarshe ƙwayoyin da ke fitar da iskar mitan. Suna aiki, amma da nawa ƙwarai.

Akwai wasu cikas uku. Mai cike yake da kabon amma babu naiturojin da fosfaras a cikinsa, kuma bakteriya ba sa hayayyafa sai da su. In man ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin ƙasa, wato miligiram 50,000 a kilo, shi kansa yakan zame musu guba. Na uku, wanda ya fi yawa a nan, yoyon bai tsaya ba. Unguwar Baruwa da ke Ipaja, ƙaramar hukumar Alimosho, tun shekarun 1990 rijiyoyinta ke fama da man da ya tsiyaye daga bututun da ya ratsa yankin. Inda mai ke kwance tsagwaronsa a saman ruwa, bakteriya gefe-gefensa kawai suke iya lasa.

Waɗanne sinadarai suke iya ci, waɗanne suka fi ƙarfinsu?

Mafi sauƙi su ne dizal, kananzir, da sinadaran nan huɗu na cikin fetur da ake taƙaita sunansu da BTEX, ciki har da benzin mai jawo kansar jini. Baƙin man inji da ɗanyen mai mai kauri suna ciyuwa, amma a hankali, kuma koyaushe akan bar saura. Sinadaran PAH, waɗanda ake samu a mai da toka kuma ginin ƙwayarsu zobba ne a haɗe, masu zobe 2 ko 3 suna rushewa, masu zobe 5 irin su benzo(a)pyrene kuwa suna da taurin kai sosai. Sinadaran wanke ƙarfe da na wankin kaya ba da ruwa ba, TCE da PCE, suna buƙatar wata hanya dabam wadda aka yi bayani a amsar tambayar sinadarai masu kulorin. Rinin masaƙu yakan buƙaci mataki biyu, a fara ba iska don launin ya karye, sannan a ba da iska don a rushe abin da ya fito.

Man tsohuwar taransifoma mai ɗauke da PCB, da sinadaran PFAS na kumfar kashe gobara, kada kowa ya yi muku alkawarin bakteriya za su gama da su a fili. Dalma da sauran ƙarafa masu guba suna da tasu amsar a ƙasa.

Rijiyarmu na warin fetur. In mun tafasa ruwan, ko mun zuba alif, zai shawu?

A'a. Ku daina sha, ku daina girki da shi, kada kuma 'yan ga-ruwa su ɗebo su sayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade benzin a ruwan sha kada ya wuce mikrogiram 10 a lita, kuma hanci ba ya jin wannan ɗan adadi, don haka rashin wari ba shaidar lafiya ba ce. Tafasawa na tayar da benzin ya cika ɗakin girki a shaƙe shi. Wanka da shi a rufaffen banɗaki ma shaƙa ce. Alif laka kawai yake kwantarwa. Matacin gawayi na musamman yana kama benzin, amma in ya cika sai ya riƙa sakinsa, don haka sai da gwaji da sauyawa a kan lokaci.

A rufe bakin rijiyar, a nisantar da janareto, sigari da murhu, kada kuma a tura kowa ciki yasa. Ƙara zurfin rijiya ko haƙa burtsatse kusa da ita ba tare da an toshe gefen bututun da siminti ba yakan buɗe wa man hanya zuwa ruwan da ke can ƙasa mai tsabta.

Mai ya zube a garejinmu ko tankin ƙarƙashin ƙasa ya yi yoyo. Da me za a fara?

Da tsayar da yoyon. Zuba taki a ƙasar da mai ke ci gaba da kwarara a cikinta aikin baban giwa ne. Bayan nan a kwashe duk man da ido ke gani: na saman ƙasa da famfo ko abin tsotsa, na saman ruwan rijiya da famfon da aka yi don mai, wanda ba ya tartsatsi. Duk litar da aka kwashe da hannu ta rage wa bakteriya aikin watanni. A yi shinge da yashi kada ya kai kwata, don kwatocin Legas a tafkin Legas suke ƙarewa.

Abu uku da ake yawan yi suna ɓata aiki. Wanke wurin da omo yana narkar da man ya nutse zuwa ruwan ƙasa. Cinna masa wuta na barin toka mai PAH, ban da hatsarin gobara. Lulluɓe shi da yashi ko siminti na toshe iskar da ake nema. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin awa 24. A matakin jiha, hukumar LASEPA da ke Alausa ce ke kula da gurɓatar muhalli, NESREA kuma ta tarayya ce ga masana'antun da ba na mai ba.

Wane gwaji ya kamata a yi kafin a fara?

Ana son a san abu uku: mene ne ya zuba, ina ya kai a faɗi da zurfi, kuma ƙasar za ta karɓi magani ko kuwa. Samfurin ƙasa ana ɗaukarsa a zurfi daban-daban har a isa inda babu gurɓata, ba saman kawai ba. A zuba a kwalbar gilashi, ba leda ba, a sa cikin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji da wuri. Samfurin ruwa na auna BTEX ana cika ƙaramar kwalba mai mililita 40 har ta batse, a rufe ba tare da ko ɗigon iska a ciki ba. In kun ga an ɗebo shi a robar lemo rabi, sakamakon ba abin dogaro ba ne, don benzin ɗin ya tsere tun a hanya.

Abin da za a nema: jimillar mai, wato TPH, da BTEX, PAH, ƙarafa masu guba, ma'aunin tsami na pH, naiturojin, fosfaras da yawan bakteriya. In sun kai 1,000 a giram na busasshiyar ƙasa akwai abin farawa da shi, kuma yawanci sun ninka haka nesa ba kusa ba. Ga ruwa, a haƙa rijiyoyin sa-ido aƙalla 3 a jere irin na murhu, don da tsayin ruwa a wuri uku ake gane inda yake gangarawa. Ɗaya ta kasance a saman gangaren, inda gurɓatar ba ta kai ba. A cikinsu a auna oksijin, narkakken ƙarfe, naitiret da salfet.

Yaya ake gyara ƙasar da aka haƙo?

Hanya mafi arha ita ce shimfiɗa ta ana juyawa. A daidaita fili da ɗan gangare zuwa kusurwa ɗaya, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri ta HDPE, milimita 1 zuwa 1.5, a rufe ta da yashi kamar santimita 15 don kada garma ta yage ta. A kewaye da tudun ƙasa, a haƙa ramin tara ruwa a kusurwar gangaren. A tsince duwatsu, ƙarafa da tsummoki, a farfasa hoge, sannan a baje ƙasar kaurin santimita 30, iyaka 45. Tan 100 na ƙasa zai ci fili kusan murabba'in mita 200, kamar sulusin fuloti.

Daga nan aikin noma ne. A juya sau ɗaya ko biyu a mako da tarakta ko fartanya, har ƙasan shimfiɗar. Danshi ya zama in an dunƙule ƙasar a hannu, da safar roba, ta riƙe siffarta amma ruwa bai ɗiga ba. pH ya tsaya tsakanin 6 da 8. Ƙasar Legas da yawa tana da tsami, sai an barbaɗa farar ƙasa ta noma. Zafi ba matsala ba ne a nan, digiri 25 zuwa 32 da muke da shi kusan duk shekara daidai yake da abin da bakteriyar ke so, kuma wannan gata ne da injiniyoyin Turai ke kashe kuɗi su samu.

Ƙasar da fetur ya jiƙa ba a baje ta a tsakiyar unguwa. Mafi yawansa tashi zai yi maƙwabta su shaƙa kafin bakteriya su taɓa shi. Ita rufaffen tsibi ya dace da ita, duba amsar tambayar damina.

Taki nawa za a zuba?

Ƙa'idar da aka saba farawa da ita: kabon 100, naiturojin 10, fosfaras 1. A ce tan 100 na ƙasa mai TPH miligiram 20,000 a kilo. Man da ke ciki kilo 2,000 ne, kabon ɗinsa kusan kilo 1,700. Ana buƙatar naiturojin kilo 170 da fosfaras kilo 17. Buhu 5 na NPK 15:15:15 masu kilo 50 za su kawo fosfaras ɗin da ɗan naiturojin, buhu 6 na yuriya su cike sauran.

Wannan shi ne iyakar sama, kuma ba a zuba shi lokaci guda. A raba kashi 3 ko 4, tazarar mako 3 zuwa 4, a riƙa auna naiturojin ɗin da ya rage kafin a ƙara. Sau da yawa ba a kai ga kashi na ƙarshe. Yuriya in ta yi yawa tana sakin ammoniya ta ƙona bakteriyar, ragowar kuma ta zama naitiret ta gangara rijiya, inda iyakar ruwan sha miligiram 50 ce a lita. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kashin shanu na mayankar Oko-Oba, kashin kaji da garin katako suna da amfani?

Suna da shi, musamman a ƙasa mai laka. Kashin dabba na kawo naiturojin a hankali da tarin bakteriya, garin katako da ɓuntun shinkafa kuma suna buɗe ƙasa iska ta ratsa. Akan gauraya kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na yawan ƙasar. Kashin kaji ɗanye zafi gare shi, a bar shi ya huce tukuna. Garin katako na cinye naiturojin yayin ruɓewa, don haka a lissafa shi cikin taki, kuma a guji na katakon da aka shafa wa maganin gara.

A nan ne ake yawan yi wa mai aiki wayo. In aka ɗauki samfuri, sannan aka gauraya ƙasar da taki da garin katako, lambar TPH za ta faɗi nan take alhali babu abin da ya rushe, sirki ne kawai. Samfurin farko na gaskiya shi ne wanda aka ɗauka bayan gaurayawa. A kuma shaida wa ɗakin gwaji akwai takin gargajiya a ciki, don su tace shi kada na'ura ta ƙirga maiƙon taki a matsayin mai.

Damina fa? Ruwan Legas ba zai wanke komai ba?

Zai wanke in an sake. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba iska a cikinta, aiki ya tsaya, taki kuma ya bi ruwa. Wanda ke da zaɓi ya fara a Nuwamba. In dole ne a yi da damina, a yi rumfa ko a riƙa rufewa da tampol, a ɗaga shi in rana ta fito. Ruwan da ya taru a rami a ajiye shi a tanki a riƙa yayyafa wa ƙasar, kada a sake shi a kwata.

Inda fili ya yi tsada ko ruwa ya yi yawa, tsibi ya fi. Ana tara ƙasar tsayin mita 2 zuwa 3 a kan leda, da bututan roba masu huji-huji a cikin tsakuwa a ƙasan tsibin, a haɗa su da injin zuƙar iska. An fi son zuƙa a kan hurawa, don tururin man ya bi bututu ɗaya a tace shi da gawayi. A Lekki, Ajah da Apapa, inda akan tarar da ruwa a zurfin mita 1 ko 2, shimfiɗa ba leda ganganci ne.

In gurɓatar na ƙarƙashin gini ko ta kai ruwa, ana iya yi ba tare da haƙa ba?

Ana iyawa, kuma dabarar ita ce kai musu iska. Lita 1 ta iska na ɗauke da oksijin fiye da ninki 30 na lita 1 ta ruwa, shi ya sa tura iska ya fi tura ruwa riba. Ga ƙasar da ke saman ruwa, ana kafa siraran rijiyoyi a hura iska a hankali, daidai yadda oksijin ɗin cikin ƙasa zai tsaya sama da kashi 5 cikin 100. Ga ruwan kansa, bakin bututun na sauka ƙasa da inda gurɓatar ta tsaya, iskar ta taso ta cikinsa, ana neman oksijin aƙalla miligiram 2 a lita. A ƙaramin wuri akan rataya garin da ke sakin oksijin a hankali, irin kalsiyam ko magniziyam feroksaid, a cikin rijiya.

Yashin Legas na karɓar iska da kyau, amma akwai jijiyoyin laka a tsakani, iska kuma mai bin sauƙi ce: ta kewaye lakar, gubar da ke maƙale ciki ta zauna, bayan an kashe inji ta sake fitowa. Matsala ta biyu ƙarfe ne. Duk mai burtsatse a Legas ya san jan ruwan da ke ɓata tanki. Narkakken ƙarfe in ya haɗu da oksijin tsatsa yake zama ya toshe rijiyar. Ƙasa da miligiram 10 a lita babu damuwa, sama da 20 a nemi wata hanya. Ba a hura iska inda mai ke kwance tsagwaronsa, ko kusa da sokawe da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai an haɗa da injin zuƙe tururi, in ba haka ba an tura abin fashewa cikin gidan mutane. In babu tabbacin wuta ko dizal na janareto na tsawon watanni, kada a fara.

Me ya bambanta sinadarai masu kulorin, TCE da PCE?

Kusan komai a juye yake. Mai ya fi ruwa sauƙi, yana tasowa sama. PCE da TCE sun fi ruwa nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi, don haka nutsewa suke yi har sai sun tarar da laka su kwanta. Wurare irin rukunin masana'antu na Ikeja, Ilupeju da Oshodi, da manyan shagunan wankin kwat, su ne inda ya kamata a neme su. Kuma su bakteriya ba cin su suke yi ba, numfashi suke yi da su a madadin oksijin. Suna cire kulorin ɗaya bayan ɗaya: PCE ya koma TCE, ya koma cis-DCE, ya koma binil kulorayid, daga ƙarshe iskar etin marar illa.

Don haka a nan korar oksijin ake yi. Ana ɗura abinci a rijiyoyi, kamar baƙin ruwan raken da ke saura a masana'antar sukari, ko laktet, ko man waken soya da aka kaɗa da ruwa. Na farkon biyu suna ƙarewa cikin makonni sai an maimaita, man soya kan yi shekaru yana aiki. Bakteriyar gari su cinye abincin, su ƙarar da oksijin, su saki haidurojin. Da wannan haidurojin ne bakteriyar Dehalococcoides mccartyi, wadda aka fara ware ta a Jami'ar Cornell a 1997, ke kai aikin har etin. Kusa da tafki da teku, ruwan gishiri na ɗauke da salfet mai yawa, masu numfashi da shi kuma suna rige-rigen haidurojin ɗin, don haka abincin da za a ɗura ya fi yawa.

An ce wannan hanya na iya mayar da guba ta fi ta da muni?

Haka ne, in aikin ya tsaya a tsakiya. Bakteriya iri-iri suna iya kai PCE zuwa cis-DCE, amma matakai biyu na ƙarshe sai 'yan kaɗan, Dehalococcoides a gaba. In babu ita a wurin, ko tsami ya hana ta aiki, sai cis-DCE da binil kulorayid su taru. Binil kulorayid na jawo kansar hanta, iyakarsa a ruwan sha mikrogiram 0.3 ce kacal a lita, kuma ya fi iyayensa saurin tafiya. Rahoton da ya ce TCE ya ragu bai faɗi komai ba sai ya nuna etin ya ƙaru.

Tsami ne babban abin tsoro a Legas. Ruwan ƙasarmu sau da yawa pH ɗinsa na ƙasa da 6 tun asali, ruɓewar abincin da aka ɗura na ƙara tsami, cire kulorin ma haka, ita kuwa wannan bakteriya ƙasa da 6 sanyi take yi. Dole a haɗa da sodiyam bayikabonet a riƙa aunawa. Abinci in ya yi yawa kuma yana haifar da mitan, ya narkar da ƙarfe da manganis, wani lokaci har da arsenik, ruwan ya yi baƙi ya yi wari na wani lokaci. Masu rijiya a gangaren wurin suna da haƙƙin a sanar da su tun kafin a fara.

Wani ya kawo mana jarkar ƙwayoyi, ya ce daga waje suke, sati biyu sun gama aiki. Mu saya?

In mai ne ya zuba, yawanci kuɗin ya fi amfani a taki, juyawa da gwaji. Bakteriyar da aka rena a ɗakin gwaji in an zuba su a fili sukan sha kashi a hannun 'yan gida, kuma gwaje-gwajen gaɓar teku a Amurka ba su nuna sun fi taki kaɗai ba. Ko Pseudomonas ɗin nan da Ananda Chakrabarty ya sarrafa, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi mata rajistar mallaka a 1980, ba a kai ga amfani da ita a malalar mai ba. Wasu jarkokin ma sabulu ne da turare: maiƙon ya ɓace wa ido, ya nutse. Gwajin mai sauƙi ne. A ware kwali uku na ƙasa ɗaya, na farko a juya shi kawai, na biyu da taki, na uku da taki da jarkar, a auna TPH bayan mako 6 zuwa 8. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba.

Inda sayen ƙwayoyi ke da hujja shi ne TCE da PCE, in gwajin ƙwayar halitta ya nuna babu Dehalococcoides ko ba ta kai miliyan 10 a lita ba. Ƙwayoyin da ake sayarwa don wannan aiki, irin su KB-1, suna zuwa ne a tukunyar ƙarfe a rufe ruf, don oksijin kashe su yake yi, kuma ba a ɗura su sai ruwan ya riga ya rasa oksijin. Wanda ya kawo irin wannan a buɗaɗɗiyar jarka, mushe ya kawo.

Mu 'yan gwangwan, wurin fasa batir da ƙona waya fa?

Dalma, kadmiyam da makuri ba sa rushewa, ko da wuta ko da bakteriya. Iyakar abin da bakteriya ke yi shi ne sauya musu kama. Kuromiyam mai lamba 6, na wuraren shafen ƙarfe, sukan mayar da shi mai lamba 3, wanda ba ya bin ruwa sosai kuma gubarsa ta fi sauƙi. Masu numfashi da salfet kan ɗaure wasu ƙarafan su kwanta. Amma ƙarfen na nan, in yanayin ƙasa ya sauya wani yakan sake narkewa. A Zamfara, bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400, kankare ƙasar gidaje aka yi aka binne ta a ramin da aka tanada, aka kawo sabuwa. Wurin fasa batir a Owode Onirin ko ko'ina maganinsa ke nan. In baƙin mai da dalma sun haɗu, ana iya rage man da bakteriya, amma ƙasar ba ta koma ta lambu ko wurin wasan yara ba.

Ba wannan aka gwada a yankin Ogoni aka ce bai yi ba?

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2011 ya soki yadda aka yi aikin. Ana juya saman ƙasa a zuba taki, bisa zaton man bai nutse ba, alhali a wurare da dama ya kai zurfin mita 5. A Nisisioken Ogale an sami mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa, benzin a rijiyoyi ya ninka ƙa'ida sama da sau 900. Ba leda a ƙarƙashi, ruwan sama na wanke shimfiɗar. Rahoton ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, shirin gwamnatin tarayya na tsabtace yankin, HYPREP, kuma daga nan ya samo asali. Kurakuran su ne waɗanda aka ambata a amsoshin gwaji da na shimfiɗar ƙasa: ba a auna zurfi ba, ba a kwashe tsagwaron mai ba, ba a kula da ruwa ba.

Wata nawa aikin ke ɗauka?

Ƙasar dizal da aka shimfiɗa da kyau takan nuna babban sauyi cikin wata 3 zuwa 6. Baƙin mai da ƙasa mai laka sukan kai shekara 1 zuwa 2. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da shekaru ake lissafinsa. Raguwar na da sauri da farko, sannan ta lafa, don abin da ya rage shi ne mai nauyi da wanda ya maƙale a ƙwayar laka. Wuce kashi 95 cikin 100 abu ne mai wuya. A rubuta wannan a yarjejeniya tun farko, a kuma ɗaure biyan kuɗi da sakamakon gwaji, ba da yawan kwanaki ba.

Ta yaya za mu tabbatar an gama, kuma bakteriya ne suka yi aikin?

Shaida uku ake haɗawa. Ta farko, sinadarin na raguwa a gwaji bayan gwaji, a wurare da zurfin da aka ɗauka tun farko, kuma ɗakin gwajin ba na ɗan kwangilar ba ne. Ta biyu, alamun numfashi: oksijin na raguwa, kabon dayoksaid na ƙaruwa a cikin ƙasa, ko etin na bayyana a ruwa. Ta uku, zanen na'urar gwaji. Bakteriya sun fi saurin cin miƙaƙƙun sinadarai irin C17 da C18 a kan masu rassa, firisten da fayiten, don haka in na farkon sun ragu sosai na biyun suna nan, ci ne. In duka sun ragu daidai wa daida, sirki ne ko wankewa.

Ga mai, ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a Najeriya na EGASPIN ne, kundin ƙa'idojin muhalli na masana'antar mai: a ƙasa, miligiram 5,000 a kilo shi ne matakin da ya wajabta ɗaukar mataki, 50 kuma shi ne abin da ake fata. A ruwa, mikrogiram 600 da 50 a lita. Tazarar da faɗi, kuma 'yan kwangila sukan tsaya da zarar sun sauka ƙasa da 5,000. Wannan na iya wadatar da filin ajiye tanka, amma bai wadatar da inda za a gina gida ko a haƙa rijiya ba, don haka a amince da lambar da za a tsaya a kai tare da hukuma kafin a sa hannu. Bayan an kashe injina a ci gaba da auna rijiyoyin sa-ido duk wata 3 har shekara ta zagayo, don in ruwan ƙasa ya taso da damina yakan taɓo man da ya maƙale a sama lambobi su sake hawa. Sai an wuce damina guda lambobi ba su motsa ba za a toshe rijiyoyin da siminti a karɓi takardar kammalawa.